Mahayin da Ya Wuce Ƙanensa a Cikin Laka

An taɓa yin wani mutum mai kiwon dawaki. Ba zan faɗi sunansa ba, ya 'yan uwa, domin ba tonon asiri ne ya tara mu a nan ba. Mutanen garinsu Na-gaba suke ce masa, kuma tun yana yaro sunan ya bi shi. Ko aike aka yi su da sauran yara, sai ya riga kowa zuwa, ya riga kowa dawowa. In wani ya sha gabansa, ranar ko abinci ba ya iya ci.

Mahaifinsa ya rasu ya bar musu barga a bayan gari, shi da ƙanensa, wanda kowa ke kira Auta. Bargar ba wata babba ba ce. Rumfar kwano ce mai ɗakuna a jere, da ɗan ɗakin ajiye sirdi da linzami, da kwamin ruwa na siminti, sai fili a gaba inda ake motsa dawaki da safe. Masu hali suna kawo nasu dawakin a riƙe musu, kuma da wannan sana'a gidan ke ci. Na-gaba ne mai hawa, shi ne mai karɓar baƙi. Auta kuwa ya fi son zama cikin dabbobin, yana ba su dusa, yana kankare musu kofato, yana yi musu hira kamar mutane.

Gida ɗaya suke zaune, kowa da sashensa da iyalinsa, ɗakin mahaifiyarsu a tsakiya. Auta mutum ne mai barkwanci. Wata rana suna cin abinci a ƙofar ɗakinta ya ce, "Yaya, ni na tabbata ko ranar tashin alƙiyama kai za ka fara fitowa, ka kakkaɓe ƙura, ka tsaya kana jiran sauran jama'a." Tsohuwar ta yi dariya har da hawaye. Na-gaba ma ya yi murmushi, domin a kunnensa wannan yabo ne.

To, akwai wani tsere da ake yi a ƙasarsu duk shekara. Ba irin na fili ba ne da ake gamawa kafin ka gyara zama. Doguwar tafiya ce. A tashi da sassafe, a wuni a kan sirdi, ta cikin daji da gefen gonaki, a hau tudu a gangara kwari, a ƙetare rafuka, sai da yamma a iso. An kasa hanyar zango-zango. A kowane zango akwai likitan dabbobi da zai saurari bugun zuciyar doki, ya sa a ja shi da sassarfa ya ga ko yana ɗingishi. Dokin da ya gaza, a nan tafiyarsa ta ƙare. Ko ka riga kowa isa ƙarshe, ba ka ci ba sai dokinka ya tsallake dubawar ƙarshe da lafiyarsa.

Na-gaba ya sha cin wannan tsere. Kofunan da ya samu suna jere a kan kanta a ɗakin baƙinsa, kuma ya ajiye kujerun ta yadda duk wanda ya zauna sai ya fuskance su. Ana nan sai wata shekara wani baƙo ya zo da baƙin doki, ya riga shi isa. Ba a daɗe ba, yana wucewa ta kasuwa, wani ya ɗaga murya cikin wasa ya ce, "Sannu da zuwa, Na-biyu." Mutane suka yi dariya, suka manta. Shi bai manta ba. Shekara guda ya yi yana juya wannan kalma a ransa, a kan shimfiɗa, a kan doki, har a cikin salla.

Ya 'yan uwa, haka girman kai yake shiga. Ba ya zuwa da ƙaho. Yana zuwa ne kamar kishin sana'a, kamar himma, har mutane su riƙa yaba maka a kansa.

Da lokacin tseren ya zagayo, sama ta yi ta zubar da ruwa ba ƙaƙƙautawa. Hanyoyi suka jiƙe suka zama caɓi. Masu shiryawa suka yi shawarar ɗagewa, daga baya suka ce a yi, amma kowa ya bi a hankali. A wannan shekarar Auta ma ya shiga, da wani matashin doki da ya raina da hannunsa. Ba ci yake nema ba, so yake dokin ya saba da doguwar hanya. Na-gaba kuwa farar goɗiyarsa ya ɗaura wa sirdi, wadda ta ci masa yawancin kofunan nan.

Da za su fita, suka durƙusa a ƙofar mahaifiyarsu. Ta yi musu addu'a, sannan ta dubi babban ta ce, "Babba, ga ƙanenka nan. Ka riƙe min shi."

Auta ya yi dariya ya ce, "Mama, ni da 'ya'yana biyu, har yanzu amanata ake bayarwa?"

Ta ce, "Ko jikoki ka tara, Auta kake."

Aka tashi. Tun a zangon farko kowa ya gane ranar ba ta wasa ba ce. Laka tana kama ƙafar doki har gwiwa, ta sake shi da ƙyar. Inda babu laka akwai santsi. Farar goɗiya ta koma ja, fuskokin mahaya suka rine har ba ka gane wani sai ya yi magana. Kafin rana ta yi tsaka, mutum uku sun yi wa sauran nisa ƙwarai: baƙon nan, da Na-gaba, da Auta, wanda dokinsa ya ba kowa mamaki.

A zangon tsakiya likita ya ɗora abin sauraronsa a haƙarƙarin goɗiyar, ya daɗe. Ya ce, "Zuciyarta ba ta sauka ba tukuna. Ka ba ta ruwa, ku ƙara hutawa. Kuma in ka fita ka sassauta mata, lakar nan tana cin ƙarfinta." Aka sallami baƙon. Aka sallami Auta. Na-gaba yana tsaye riƙe da bokiti yana kallonsu.

Auta ya matso da dokinsa ya ce, "Yaya, zan tafi a hankali. Ka same ni a hanya."

Na-gaba ya bi shi da kallo. Karo na farko ke nan a rayuwarsa da ya ga bayan ƙanensa a kan hanya, kuma abin ya ƙona masa rai.

Da aka sallame shi, ya manta da maganar likita. Ya sa wa goɗiyar ƙaimi, suka yi ta keta laka. Can gaba hanyar ta gangara wani kwari mai duhun itatuwa, rafi yana gudu a ƙasansa. Yana shan kwana sai ya ga dokin Auta tsaye ba mahayi, sirdi ya karkace, linzami yana jan ƙasa. Ga wani dogon shati a gangaren inda kofato ya zame. Ga Auta a gefen hanya, kwance cikin laka, ya jawo jikinsa ya jingina da tushen itace. Dokin ne ya zame da shi, ya mirgina ta kansa.

Ku saurara da kyau, ya 'yan uwa. Mutumin nan ya tsaya. Ba a guje ya wuce ba, balle a ce bai gani ba. Ya ja linzami, ya tsaya daidai kan ƙanensa.

Auta ya goge bakinsa da hannu, ya miƙa hannun ya kama ƙafar wandon yayansa, ƙasa da gwiwa. Muryarsa ta yi ƙasa. Ya ce, "Yaya, wani abu ya karye a cikina. Numfashi yana yi min wuya."

Na-gaba ya fara zare ƙafa daga likkafa zai sauka. A daidai nan ya ɗaga kai. Can a kan tudun da ke ƙetaren rafin ya hango baƙin dokin baƙon nan yana hawa da ƙyar, kansa a ƙasa, ya gaji liƙis. Kusa yake. Kusa ƙwarai.

Sai Shaiɗan ya zo masa da magana mai kama da hankali. Ai ba karaya a fili. Ai yana magana. Ai kai ba likita ba ne, in ka sauka me za ka yi masa? Ai gara ka yi gaba ka sanar.

Ya mai da ƙafarsa cikin likkafa. Ya ce, "Buguwa ce kawai, Auta. Ka kwanta, kada ka motsa. Zan faɗa musu a gaba su zo su ɗauke ka."

Auta ya ce, "Yaya, kada ka bar ni a nan."

Ya fizge ƙafarsa. Ya ƙetare rafin. Bai waiwaya ba.

Da ma a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. A saman tudun akwai wurin shayar da dawaki, da mutane biyu masu waya a hannu. Kalma ɗaya ta isa. Amma da ya iso, baƙon yana fita. Kuma ya tuna, in ya ce ƙanena ne ke kwance a kwari, za su dube shi su ce, to kai me kake yi a nan? Sai ya kama bakinsa. Ya ce a ransa, ai na baya suna tafe, za su gan shi. Zunubi na farko ya haifi na biyu tun laka ba ta bushe a ƙafarsa ba.

Na baya kuwa suna da nisa. An daɗe kafin wani mahayi ya iso kwarin, wani kafinta da ke shiga tseren don sha'awa. Bai san Auta ba sai a fuska. Ya diro, ya cire rigarsa ta sama ya tallafi kansa da ita, ya buga waya. Motar agaji ta taso, ta kafe a laka tun ba ta yi nisa ba. Sai da mutane suka sauka suka tako da ƙafa ɗauke da abin ɗaukar majinyaci. Duk wannan lokaci kafintan yana zaune cikin ruwa, riƙe da hannun mutumin da ba ɗan uwansa ba. Sun ɗauko shi, amma ba su kai bakin titi da shi ba. A hannunsu ya cika.

Shi kuwa Na-gaba yana can yana zuba wa goɗiyarsa bulala. Ya cim ma baƙon dab da ƙarshe, ya wuce shi, ya shigo fili shi kaɗai. Jama'a suka tashi da tafi. Ya ɗaga hannu sama. Abin da ya shekara yana mafarki ya samu.

Sai dai goɗiyar tana tsaye ƙafafunta suna rawa. Gumi ya ɗauke mata, idanunta sun faɗa. Aka zuba mata ruwa, aka jira, zuciyarta ta ƙi sauka. Da aka ja ta don sassarfa, ta yi taku kaɗan ta durƙushe. Likita ya girgiza kai ya ce, "An cire ta." Aka ba baƙon kofi.

Na-gaba ya hau faɗa. Ya ce an haɗa baki da likita, ya ce hassada ce, ya ce a sake dubawa. Yana cikin wannan ɗaga murya ne wani daga cikin masu shiryawa ya dafa kafaɗarsa, ya ja shi gefe, ya faɗa masa.

Ina tambayarku, ya 'yan uwa, me ya saya da ran ƙanensa? Kofin ma bai samu ba.

Bayan an dawo daga maƙabarta, mahaifiyarsu ta sa aka kira shi ɗakinta. Ba ta kuka. Ta ce, "Babba, an ce yana gabanka lokacin da ya faɗi. Ba ka gan shi ba?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi ban gan shi ba, Mama. Wurin da duhun itace, ga gudu ina yi."

Ta ce, "Allah ya sa haka ya fi alheri." Ta yarda, domin wace uwa ce za ta so ta ƙi yarda?

Cikin masu zuwa ta'aziyya har da kafintan. Da ya zo tafiya ya riƙe hannun Na-gaba, ya ja shi bakin ƙofa inda ba kowa. Ya ce a hankali, "Ƙanenka ya ba ni saƙo. Ya ce in ce maka ya yafe. Ya ce kuma kada Mama ta ji. Daga bakina ba wanda zai ji." Ya saki hannunsa ya tafi. Na-gaba ya jingina da bango. Wanda ya bari cikin laka, da sauran numfashinsa yake rufa masa asiri.

Nan ne ƙofar tuba ta buɗe masa a fili. Da ya shiga ɗakin tsohuwar nan ya faɗi gaskiya da bakinsa, da wataƙila labarin ya canza. Amma ya ji tsoron idon mutane fiye da yadda ya ji tsoron Allah. Ya yi shiru.

Da baƙi suka ragu, matarsa ta ɗauko kayan da ya yi tseren da su, waɗanda ke ƙunshe a buhu tun ranar, ta kai bakin famfo a tsakar gida. Tsohuwar tana zaune kusa a kan tabarma tana jan carbi. Matar ta jiƙa farin wandon, ta cuɗa, ta ɗauraye. Laka ta fita. Amma a ƙafar dama, ƙasa da gwiwa, wani abu ya ƙi fita. Jini ne ya bushe a jikin yadin, shatin yatsu huɗu a gefe guda, babban yatsa a ɗaya gefen.

Hannunta ya tsaya. Ta yi ƙoƙarin tura wandon ƙarƙashin kumfa, amma tsohuwar ta riga ta gani. Ta ce, "Miƙo min, 'yata." Ta shimfiɗa shi a cinyarta, ta ɗora tafin hannunta a kan shatin. Ta daɗe a haka. Sannan ta ce, "Mijinki ba shi da ciwo a ƙafa. Kira min shi."

Ya zo ya durƙusa. Ba ta tambaye shi komai ba, wandon kawai ta ajiye a gabansa. Wannan karon rantsuwa ta ƙi fitowa. Ya kifa kansa a ƙasa ya faɗi duk abin da ya faru, yana kuka kamar ƙaramin yaro. Matar Auta tana tsaye a ƙofar sashenta, ta ji komai.

Da ya gama, tsohuwar ta ce, "Ya ce maka kada ka bar shi?"

Ya ce, "Ya ce, Mama."

Ta ce, "Ba zan yi maka baki ba, Babba. Ni na haife ka. Amma tashi daga gabana."

Daga nan komai ya fara zubewa. Maganar ta fita, ta kai kunnen masu shirya tseren, suka hana shi shiga har abada. Masu dawaki suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna kwance nasu. Ba wanda ya zage shi. Kowa sai ya kawo wani dalili, ya ja dokinsa ya fita. Wa zai bar dabbarsa a hannun wanda bai tsaya wa ɗan uwansa ba? Farar goɗiyar ta rayu, amma ƙafafunta sun lalace, ba ta sake ɗaukar mahayi ba. Ɗakunan bargar suka zama kango, ciyawa ta fito a cikin kwamin ruwa. Daga baya ya sayar da wurin, ya koma yi wa wasu dakon ciyawa a kasuwar dabbobi. Kofunan nan, shi da kansa ya kwashe su ya zuba a buhu.

Kullum da safe yana zuwa ƙofar mahaifiyarsa ya gaishe ta. Tana amsawa, amma fuskarta tana kallon bango. Haka suka zauna har ciwo ya kwantar da ita. Ranar da jikin ya yi tsanani ta nemi ruwa, shi ne a kusa, ya tallafo ta ya ba ta. Ta sha. Ta ce, "Na yafe maka nawa, Babba. Na daɗe da yafewa. Idona ne ya ƙi, in na dube ka shi nake gani a kwance." Ba ta ƙara kwana da yawa ba ta rasu.

Mutumin nan yana raye. Ya tuba, kuma muna kyautata zato ga rahamar Ubangiji. Shi yake ciyar da marayun ƙanensa da abin da yake samu. Ƙaramarsu ba ta san komai ba, domin tana goye aka yi abin, kuma uwarta ba ta taɓa faɗa mata ba. Tana son sa ƙwarai. Wata rana ana ruwa, suna zaune a baranda, ta hau cinyarsa ta ce, "Baba, an ce babana shi kaɗai ya kwanta a daji da ya faɗi. Da kana wurin ai da ka ɗauko shi, ko?"

Har yau bai ba ta amsa ba, kuma ya san wata rana za ta girma.

Ya 'yan uwa, kada wani ya ce ai ni ba ni da doki. Kowannenmu yana cikin wani tsere. Wani a kasuwa, wani a ofis, wani a neman suna, wani har a cikin ibada, don a ce shi ne. Mutumin nan ba ɓarawo ba ne, ba mashayi ba ne, yana salla, yana son ƙanensa. Abu ɗaya ya raina a zuciyarsa shekara da shekaru, son a ce shi ne a gaba. Da ranar jarrabawa ta zo, abin da ya raina shi ya yanke masa hukunci, cikin ɗan lokacin da bai kai na shan ruwa ba.

Ka tambayi kanka tun yau. Wa ya riƙe ƙafarka kana fizgewa? Mahaifiyar da ka daina zuwa gaisarwa saboda aiki ya yi yawa? Ɗan uwan da ya kira ka, ka ce za ka neme shi? Maƙwabcin da ka gani a cikin wahala ka ce ai wasu suna tafe? Ka sauka daga kan sirdinka tun yana numfashi. Tuba tana goge zunubi, amma ba ta mai da wanda aka binne.

Ya Ubangiji, ka tsarkake zukatanmu daga girman kai da son yabo. Ka sa mu zama masu tsayawa idan ɗan uwa ya faɗi. Ka jiƙan waɗanda suka riga mu, ka karɓi tuban masu tuba, kada ka jarrabe mu da abin da za mu yi nadamarsa har kabari. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuriyarmu. Amin.